Kuɗin tara ko kular abinci: wanne ya fi riƙe lafiyar ɗan makaranta?

Yunifom sau ɗaya ake ɗinka shi a shekara, kuɗin makaranta sau uku ake biya, amma maganar abin da yaro zai ci in an fita tara kullum tana nan, Litinin zuwa Juma'a, wajen kwana 60 zuwa 65 a kowane zango. Yawancin gidaje ɗayan biyu suke yi: ko a damƙa wa yaro kuɗin tara ya saya a bakin makaranta, ko a zuba masa a kula a rataya masa gorar ruwa. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na sha tsayawa a bakin ƙofa lokacin tara, kuma ni ma ina da 'yan makaranta a gida. Na ga yaron da kula ta kwantar, na ga wanda ƙosan bakin makaranta ya riƙe lafiya lau har ya gama aji shida. Saboda haka ba zan yi saurin yanke hukunci ba.

Zangon farko ya fi kowanne tsada wajen kuskure. A Najeriya ana komawa cikin Satumba, a Nijar cikin Oktoba, wato a wutsiyar damina, lokacin da ruwa ya cika kwatoci da masai ya tsiyaya cikin rijiyoyi, ƙuda kuma ya yi yawa. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Waɗanda cutar ta fi kamawa a shekarar su ne 'yan shekara 5 zuwa 14, shekarun firamare da ƙaramar sakandare ke nan. Kwalara da taifot da yawancin tsutsotsin ciki duk ƙofarsu ɗaya, baki, ta abinci ko ruwa ko hannu.

Bari in fara da kula, tunda ita kowa yake ɗauka ta ci gasar tun kafin a fara. Amfaninta a fili yake. Kin san ruwan da aka dafa da shi, kin san man, kin san hannun da ya zuba. Ke kike zaɓar abin da zai shiga cikin yaron, ba idonsa ba. Ga 'yan nazire da 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda ba su iya ƙirga canji ba balle su bambance abinci mai ƙuda da marar ƙuda, ban ga abin da zai tsaya kusa da ita ba.

Matsalarta lokaci ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. To yi lissafi. An sauke ƙarfe shida, an zuba shida da rabi, tara kuma duk da sunanta a makarantu da yawa sai wajen goma ake fita. Awa uku zuwa huɗu ke nan. Makarantun kuɗi da suke tashi ƙarfe biyu ko huɗu, yaro yakan ci rabi a tarar farko, ya rufe, ya dawo wa sauran da azahar, bayan ya sa cokali da yawu a ciki. Wanda zai zarce Islamiyya kuwa yakan kai la'asar da abincin asuba. Idan kular ta ƙwarai ce tana riƙe zafi, babu laifi. Idan irin robar nan ce mai araha da take zama ɗumi-ɗumi kafin a gama taron safe, to kin haɗa wa ƙwayar cuta ɗaki mai ɗumi da abinci, kin rufe mata ƙofa.

Shinkafa ta fi kowa ban tsoro a nan, ga shi ita aka fi zubawa. Akwai ƙwayar cutar da take zuwa tare da ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farfaɗo ta fitar da guba, gubar kuma sake ɗumamawa ba ya kashe ta. Alamarta amai ne cikin 'yan awoyi da ci. Ni kaina ta taɓa kama ni. Dafa-duka ce ta rage da daddare, babu wuta kamar kullum, na bar ta a tukunya, da safe na ɗumama ta yi zafi zau, ƙamshinta lafiya, na zuba wa 'yata. Kafin azahar aka kira ni tana ta kwarara amai. Farkon abin da ya zo min a rai shi ne ta sayi wani abu a bakin makaranta, har na fara faɗa, alhali ranar ko sisi ban ba ta ba. Ɗumamen tuwo da ake juyawa a wuta a ci nan take daban yake da shinkafar da ta kwana, aka ɗumama, aka sake rufewa awa huɗu. Taliya da miyar ƙwai da duk abin da aka yanka wa ɗanyen kabeji ko latas aka haɗa da mai zafi, su ma ba sa son doguwar tafiya.

Wannan yana da magani, kuma ba mai tsada ba. Kafin zango ya fara ki gwada kular: zuba mata tafasasshen ruwa da asuba ki rufe, ki buɗe ƙarfe goma. In kina iya tsoma yatsa ki bar shi a ciki, ba ta riƙe zafi. Wadda ta ci jarrabawa, kullum a ɗauraye ta da ruwan zafi kafin a zuba, a zuba abincin yana turiri, a cika ta sosai, domin rabin kula ya fi saurin hucewa. Robar da take cikin murfi a riƙa cire ta ana wankewa. Ki ɗaga ta yau ki ga baƙin da ya taru a ƙarƙashi. Idan kuwa babu halin sayen kula mai kyau, a koma wa abin da ba ya buƙatarta: dafaffen ƙwai da ɓawonsa, soyayyen dankalin Hausa ko doya na safiyar, gurasa ko burodi da ƙuli-ƙuli, dabino, ayaba, lemon zaƙi, gwaiba. Abin da yake da ɓawo, yaro ya ɓare da kansa, ya fi wanda aka yanka tun a gida. Gyaɗa da aya kuma a bar wa manya. Ɗan ƙasa da shekara biyar yana ci yana guje-guje, suna iya sarƙe shi.

Sai abin da masu ba da shawara ba sa son faɗa: kula aiki ce, kuma a kan mutum ɗaya take sauka. Uwa mai yara huɗu, da goyo, da nata wurin aikin, ga gas ya yi tsada, ga babu firji, ita ake cewa ta tashi kafin kiran sallah kullum ta ɗora sabuwar tukunya. Sati biyun farko kowa yana iyawa. A sati na shida gajiya take sa a koma zuba ragowar daren jiya, ko a jefa biskit da lemon kwali a jaka a ce an ba shi na gida. Maigida da yake cewa "ni 'ya'yana ba sa cin na waje", a tambaye shi ko ya sayo ƙwai da wake, ko ya taɓa wanke gora sau ɗaya.

Yanzu kuɗin tara. Ina so in yi wa mai ƙosai adalci, domin an daɗe ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai a gaban yaro, ko awara, ko wainar da take fitowa daga tanda, ta fuskar ƙwayar cuta sun fi shinkafar kular da ta huce aminci nesa ba kusa ba. Kuma abinci ne na gaske. Ƙosai da alala wake ne, awara waken suya ce, duk masu gina jiki, a farashin da talaka zai iya. A ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma da shi suke shigowa aji, wake da ƙwai ba abin rainawa ba ne.

Ɓarnar takan shigo ne bayan an sauke daga wuta. Hannun da ya karɓi tsohuwar naira hamsin shi yake ɗebo awara. Yaji a buɗe tun safe, kowane yaro yana tsoma yatsa. Kabeji da albasar da ake barbaɗawa a kai, da wane ruwa aka wanke su? Ɗanwake da taliya da garau-garau da aka dafo tun asuba aka zuba a bokiti, matsalarsu ɗaya da ta kular gida, har da ƙarin buɗewa da rufewa sau hamsin, da cokula uku da suke yawo a bakin yara talatin ana tsoma su a ruwa ɗaya. Man da aka soya aka sake soyawa har ya koma baƙi. Yankakkiyar kankana da abarba a faranti, ƙuda na sauka na tashi. Duk waɗannan ido yana gani, amma idon babba.

Nan ne babban raunin kuɗin tara: abin da kike tsammani ya saya daban, abin da ya saya daban. Na tsaya na gani. A ba yaro ɗan aji uku kuɗi a ce ya ci ƙosai, zai wuce mai ƙosai ya tafi wajen mai tebur: alawa, cingam, biskit, garin lemon da ake lasa a tafin hannu har harshe ya yi ja, sai ƙanƙara. Ba rashin ji ba ne, yarinta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki yake samu a rana, in da hali ma a tsaya a kashi 5, wajen cokalin shayi shida ke nan ga babba. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana da kusan cokali tara. Yaron da ya cika cikinsa da zaƙi ƙarfe goma, sha ɗaya da rabi yana hamma a aji, ya dawo gida ya ƙi cin abincin rana, haƙori kuma yana ruɓewa a hankali. Kada mu yaudari kanmu, lemon kwali da madarar roba mai zaƙi da ake sayowa katan-katan a ajiye a gida su ma wannan ne, sai dai sun fito daga hannun uwa.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da ba zan bari yaro ya saya ba, abin sha ne. Zoɓo, kunun aya, lamurje, ƙanƙara mai kala. Zoɓo ana tafasa shi, gaskiya ne, amma da ɗanyen ruwa ake sirka shi, kuma a robobin da aka tsinto ko aka sayo a hannun masu gwangwan ake ɗurawa. Kunun aya ba ya ganin wuta ko kaɗan, kuma cikin 'yan awoyi yake juyawa in babu sanyi. Ƙanƙara kuwa mutane suna ɗauka sanyi yana kashe cuta, alhali ƙwayar taifot tana zama a cikinta ta jira ta narke. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin haɗa lemo da ɗan tsami ya shiga kasuwa, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Mai haɗa lemon da ta saya a kasuwa ita ma ba ta san abin da ta saya ba, balle ɗan aji huɗu.

Ruwan leda ya fi waɗannan, in na kamfanin da yake da rajistar NAFDAC ne da gaske. Amma ki lura da yadda yaro yake shan sa: da haƙori yake huda kusurwar ledar, ledar da ta yi wanka a narkakkiyar ƙanƙarar cikin kular mai sayarwa, inda hannu ɗari ya shiga. Cikin ledar lafiya, bayanta ne abin ji. Don haka duk hanyar da kika zaɓa a abinci, ruwa dai ya fito daga gida, wanda aka tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko aka sa masa maganin tsaftace ruwa irin WaterGuard aka bar shi rabin awa. Gorar ta zama mai faɗin baki da soso zai shiga, a wanke ta da sabulu kullum a kife ta bushe. Mai bututun tsotso tana da kyau a ido, wanke cikin bututun ne aiki.

Akwai kuma inda kula da kuɗi suke faɗuwa tare, wato hannu. Yaro ya fito daga banɗakin makaranta da babu ruwa, ya yi ƙwallo, ya zauna ya ci abinci mafi tsafta a duniya da wannan hannun. Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da babu wata kula mai tsada da za ta yi. Guntun sabulu a leda cikin jaka, da cokali nasa na kansa. Sannan yara ba sa ci su kaɗai. Ana buɗe kula abokai huɗu sun kewaye ta. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a filin makaranta hannu da yawa ne yake ƙazantar da ita. Ba na hana yarana ba wa aboki, rowa ba tarbiyya ba ce, sai dai na koya musu su zuba masa a murfi, gora kuma kowa ya sha tasa. Tun ɓarkewar mashaƙo a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano kuma ta fi kama yara, na ƙara tsaurara wannan, duk da cewa ita mashaƙo babbar garkuwarta allurar rigakafi ce, kuma komawa makaranta lokaci ne mai kyau na ciro katin a duba.

Ta fuskar aljihu bambancin bai kai yadda ake zato ba. A ce naira 200 kullum, kwana 65, naira 13,000 ke nan a zango ga yaro ɗaya, yara huɗu 52,000. Gida mai yara da yawa tukunya ɗaya ta fi masa sauƙi, musamman in ana sayen wake da gero da kaka. Gida mai yaro ɗaya ko biyu, in aka sa kuɗin gas da mai da kular da za ta ɓata ko ta fashe kafin zango ya ƙare, sai a tashi kusan kunnen doki. Kuɗi kuma yana da nasa ɓarayin: manyan yara suna ƙwacewa, wani yaron ya zuba adashi da shi ya wuni da yunwa, wani ya tara don abin da ba ki sani ba. Kula ma ana cinye wa ƙanana, ko yaro ya ji kunyar buɗe dafaffen rogo a gaban mai soyayyen ƙwai ya dawo da shi yadda aka zuba. Kular da take dawowa a cike da wadda take dawowa a lashe tas kullum, duka biyun a tambaya.

Wani zai ce ai gwamnati tana ciyarwa. Shirin ciyar da ɗalibai na tarayya da aka fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati kawai ya shafa, a kan naira 70 kowane yaro a farkonsa, kuma an dakatar da shi a Janairun 2024. Ko lokacin da yake tafiya, yau a kawo gobe a fasa. In ya zo alhamdulillahi, amma ba a gina lissafin cikin yaro a kansa.

Ga yadda nake rabawa. Daga nazire zuwa aji uku, abinci daga gida, babu kuɗi a hannu. In uwa ba za ta iya girkin asuba kullum ba, kwana biyu mai zafi, kwana uku busasshe, ya wadatar. Daga aji huɗu zuwa sama, yaro zai iya riƙe kuɗi in an haɗa shi da mutum ɗaya sananne. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce ki je da kanki, ranar da ba a san za ki zo ba, ki tsaya lokacin tara ki kalli masu sayarwa: wacce take soyawa a wurin, wacce take rufe kayanta, wacce take ɗiba da cokali ko matsami, wacce man ta bai yi baƙi ba. Ki gaishe ta, ki ce, "Baba, ga ɗanki nan, kullum a ba shi ƙosai na kaza mai zafi, zan riƙa biya duk Juma'a." Kuɗi bai bi ta hannun yaro ba, ita kuma ta san akwai mai tambaya. Ɗan canjin alawa sau ɗaya a sati ba ya kashe kowa, hana shi gaba ɗaya ne yake koya wa yaro roƙo a wajen abokai.

Yaro mai sikila lissafinsa daban: gora biyu, kuma a gaya wa malamin ajinsa a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk sanda ya nema, domin ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Mai ciwon sukari, ko wanda gyaɗa ko ƙwai ba sa karɓar sa, shi ma na gida kawai. Kuma ko wanne ne, kada ya fita da ciki wayam ana cewa ai zai ci a tara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Koko da ƙosai ko kunun gyaɗa kafin a fita su suke hana shi faɗa wa mai alawa da yunwa.

Duk da haka wata rana zai dawo yana riƙe da ciki. A ajiye ƙunshin gishirin ORS biyu ko uku a gida tun kafin ranar. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato ledar ruwa biyu. In babu, a haɗa na gida: cokalin shayi shida na sukari, shafaffu ba masu tozo ba, da rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, a ci gaba da ba shi abinci, ƙananan kuma a haɗa musu da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kada a ruga kemis a haɗo Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ka. In bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko ya wuni bai yi fitsari ba, asibiti za a nufa a lokacin, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya. In ya warware, a bar shi ya ƙara kwana a gida kafin ya koma aji, sannan a zauna a tambaye shi cikin lalama abin da ya ci da abin da ya sha a ranar, har da wanda aboki ya sammasa. Ni da na yi wannan tambayar, amsar tana cikin tukunyata.